Ɗan Haya a Gadon Bayana

Injin Fijo ne ya kuɓuce a Panteka,
sarƙa ta tsinke, na tare shi da baya.
Shekara shida ke nan. Ƙashi ya haɗe,
hoton asibiti ya ce babu sauran karaya,
sai dai ciwon bai ga hoton ba,
ya shimfiɗa tabarma, ya zama ɗan haya.

Bai taɓa biyan ko sisi ba, ni ke biya:
ƙwaya ɗaya kafin in sunkuya alwala,
biyu da azahar,
na dare kuwa na daina ƙirgawa.
Ɗan'asabe mai kemis in ya hango ni daga kwalbati
hannunsa ya riga gaisuwa shiga ƙarƙashin kanta.
Tiramol ta san hanyar maƙogwarona
fiye da tuwon Hansatu.

Ranar da Zulai ta yi sauka
ina sahun gaba, ido buɗe, hula a kai,
ban ji ko aya ɗaya ba.

Aka ce Barnawa. Na ce ai ni ban haukace ba.
Na dai je. Na sauka daga keke nesa da ƙofa
kada wani ɗan gareji ya gan ni.

Malama Rifkatu ba ta da allura,
biro gare ta da littafin 'yan makaranta.
Ta ce, "Tanimu, ciwonka gaskiya ne.
Amma in ya ƙwanƙwasa, me kake gaya wa kanka?"
Na ce, "Na gama yawo, sai 'yan gwangwan."
Ta ce, "Rubuta. Za mu buɗe maganar nan
yadda kake buɗe bonet.
Ka san hon da ya maƙale?
Yana ihu, ba don akuya na kan titi ba."
Na yi shiru. Na sha gyara irinsa.

Ta koya min numfashi. Dariya ta kama ni,
shekara arba'in da bakwai ina yinsa kyauta!
Shaƙa, ƙirga huɗu. Saki, ƙirga shida.
Saki kafaɗa, saki haƙoran da ka datse.
Ta ce in yi aikin minti ashirin in miƙe,
in tashi da kaina tun ciwo bai kore ni ba.

Likita na rage ƙwaya da tsinin biro,
rabi a wannan wata, rabi a wancan.
Jiki ya yi bore: hamma, gumi, hanci na zuba,
ƙafafu suna tuƙa keke cikin dare.
Hansatu ta zauna bakin gado tana ƙirga min huɗu da shida
har ladanin Tudun Wada ya karɓe ta.

A watan Agusta, da ruwa ya kwana yana zuba,
na koma wurin Ɗan'asabe.
Na rubuta wannan ma, hannuna na rawa.
Malama ta karanta, ba ta ɗaga gira ba.
Ta ce, "Mota ta mutu a Kawo,
sai a ce ba ta taɓa barin tasha ba?"

Yanzu da yamma nakan taka zuwa gada.
Kogin Kaduna yakan cika ya yi ja,
yakan janye har duwatsu su sha rana.
Ina kallo, ban ce masa tsaya ba.

Ɗan hayan yana nan, ban ci ƙarya ba.
Na dai mai da shi ɗakin zaure,
muna gaisawa, makulli yana aljihuna.

Jiya Ɗan'asabe ya hango ni, hannu ya nufi ƙasa.
Na ce, "Sabulu, da man zafi."
Na dawo gida na ce Zulai ta ɗauko allonta,
ta biya min daga inda na ɓace.